Otocinclus ɗina suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ina matsalar take?

Maman_Nabila:
Assalamu alaikum 'yan gida, dan Allah masu ilimin kifi ku taimaka min kafin in rasa sauran. Na haɗa akwariyam mai lita 60 yau sati biyar kenan, akwai ƙananan kifayen neon tetra guda 8 a ciki da 'yan tsirrai kaɗan. Kamar sati biyu da haɗawa sai wata irin gansakuka ruwan ƙasa-ƙasa ta rufe gilashin da ganyayen, kamar ƙura ce ta kwanta, ka goge yau jibi ta dawo. Mai sayar da kifin ya ce in ɗauki 'yan ƙananan nan da ke mannewa a jikin gilashi, otocinclus, wai su ne maganinta kuma ba sai na dinga ba su abinci ba. Na ɗauki 4. Wlh cikin kwana uku sun share tankin tas kamar an bi shi da soso, har ina ta sa musu albarka. To yau kwanansu 12 a wurina, biyu sun mutu, ɗaya shekaranjiya ɗaya yau da safe, babu ciwo babu tabo a jikinsu, su kuwa tetra lafiyarsu ƙalau suna ta wasansu. Ruwan ne, cuta ce, ko dama haka suke?

Abu_Sulke:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ce komai je ki duba biyun da suka rage lokacin da suka manne a gilashin gaba, ki kalli cikinsu da kyau. Ya ɗan taso a zagaye kamar sun haɗiye tsakuwa, ko ya shafe ya lotsa ciki? Ki dawo ki faɗa mana.

Sadiq_Tetra:
Ni ina ganin ba sai an je da nisa ba, tanki ɗan sati biyar bai nuna ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kin taɓa gwada amoniya da nitrite kuwa, wato gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi? Tetra za su iya daurewa da ɗan kaɗan, oto ba ya daurewa.

Maman_Nabila:
Abu_Sulke na duba yanzu. Ɗaya cikinsa a shafe yake, ɗayan kuma kamar ma ya ɗan lotsa. Malam Sadiq ina da 'yan takardun gwajin nan da ake tsomawa a ruwa, nitrite bai nuna komai ba, nitrate kaɗan, amma babu amoniya a cikin abin da suke aunawa.

Abu_Sulke:
To kin ga inda gizo ke saƙar. Yunwa ce Hajiya. Amsar ma tana cikin maganarki ta farko, kin ce sun share tankin tas cikin kwana uku. Tun daga ranar me suke ci? Kwana tara kenan suna lasar gilashi babu komai. Oto ba kamar tetra ba ne da za a watsa masa abinci sau biyu ya cika ciki ya tafi, shi kiwo yake yi dare da rana kamar akuya, bakin nan nasa akwai 'yan ƙananan haƙora da yake kankare gansakuka mai laushi da yauƙin da ke taruwa a kan ganye da duwatsu, kaɗan-kaɗan yake ci amma ba ya tsayawa. Ranar da abincin ya ƙare ranar ya fara ramewa. Wanda ya ce miki ba sai an ba su abinci ba bai kyauta ba gsky.

Dan_Gaggawa:
Hajiya rabu da waɗannan 'yan lalatattun, ki sayi pleco guda ɗaya, kifin nan mai bakin mannewa da shi ma ke cin gansakuka, ki huta. Nawa ko me aka yi masa ba ya mutuwa.

Ummu_Jatanlande:
Dan_Gaggawa a lita 60?? Haba dai. Tankinka lita nawa ne kuma pleco ɗin ya kai wata nawa?

Dan_Gaggawa:
Lita 80, watansa huɗu, bai wuce tsawon yatsa ba.

Ummu_Jatanlande:
To ka jira shekara ta zagayo ka dawo ka ba mu labari hhhh

Baba_Mai_Tanki:
Ɗana Dan_Gaggawa, ba ƙin maganarka aka yi ba amma bari in gaya maka abin da ya same ni. Pleco ɗin da aka fi sayarwa ƙarami ɗan santimita 5, yawanci Pterygoplichthys ne, kuma yana iya wuce santimita 40. Nawa da ya girma sai ya zama ba ya iya juyawa a tanki ba tare da ya tumɓuke tsirrai ba, kashinsa kuwa zare-zare a ko'ina, dattin da yake kawowa ya fi wanda yake kwashewa, kuma da ya girma ma ya daina damuwa da gansakukar. Da ƙyar na samu wanda ke da babban tanki ya karɓe shi. Irin wannan ne ya sa mutane ke zuwa su sake su a kogi, shi ya sa yanzu suka zama annoba a Florida da Texas a Amurka, suna haƙa ramuka a gaɓar ruwa har ta zube. A Filifin sun cika kogin Marikina, a Meziko kuma masunta na madatsar ruwan Infiernillo kifin shaiɗan suke ce masa saboda yadda yake cika musu koma yana yayyaga ta. Dukkansu dangi ɗaya ne da oto, amma girman ba a haɗa su.

Dan_Gaggawa:
Tab, santimita 40! Baba ai ba a gaya min haka ba wlh. Allah ya huci zuciyarku na janye.

Sadiq_Tetra:
Mu dawo kan maganar Hajiya. Ban musa cewa akwai yunwa ba Abu_Sulke, amma ban yarda ita kaɗai ce ba. Kwana tara ba ya kashe kifi mai lafiya haka kawai. Kuma tunda takardarta ba ta auna amoniya, ba mu san komai game da ita ba. Sati biyar daidai lokacin da bakteriyar filta masu cinye amoniya ke gama kafuwa ne, sati 4 zuwa 6 ake cewa, sai kuma aka ƙara kifi huɗu a lokaci guda. Hajiya ki nemi ruwan gwaji na ɗigawa, amoniya dole ta zama 0, nitrite 0, nitrate kada ta wuce 20 in da hali.

Malam_Habu_Ilimi:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, abin da ya haɗa maganganunku shi ne tafiyar da kifin ya yi kafin ya iso hannunta. Yawancin oto da ake sayarwa ba a gidan kiwo aka haife su ba, kamo su ake yi daga ƙoramun Kudancin Amurka, yankin Amazon da Orinoco da kogin Paraguay, ƙasashe irin su Peru da Kolombiya da Brazil. A can garke-garke suke zama a bakin ruwa inda ciyawa ta yi yawa. Daga kamu sai wurin tarawa, sai jirgi, sai ɗan sari, sai shago, kuma duk waɗannan wuraren tankuna ne tsirara masu tsafta da babu abin da zai kankara. Kifin da ya saba ci duk yini ya yi sati biyu ko uku a haka, kin ga ai ya iso a galabaice. Saboda haka kwana taran da Sadiq ke cewa ba zai kashe mai lafiya ba, haka ne, sai dai waɗannan dama ba masu lafiya ba ne, kwana ukun da suka samu suka ci ne kawai ya ɗan ja musu rai. In kuma aka ce akwai ɗan amoniya a ruwan to an haɗa musu biyu.

Maman_Nabila:
Innalillahi. Wato ni ina murna tanki ya yi fes ashe su yunwa ce ke cinsu a gabana. Wlh na ji ba daɗi. Yanzu me zan ba su? Na taɓa ganin suna wucewa ta kan abincin tetra da ya faɗi ƙasa ko kallonsa ba sa yi.

Ummu_Jatanlande:
Kada ki damu 'yar'uwa, kusan duk wanda ya taɓa ajiye oto ya bi ta nan, ni guda biyar na rasa a karon farko. Ga abin da nake yi. Ki yanka kokwamba ko zukini (wani irin kabewa mai kama da kokwamba) faifai-faifai, ki jefa a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa biyu don ya yi laushi, ki bari ya huce, ki soke shi da cokali mai yatsu na silba wanda ba ya tsatsa ki ajiye a ƙasan tanki kusa da inda suka fi zama. Ganyen alayyafo ma ana yi haka. Da dare ki saka bayan kin kashe fitila, washegari ki cire kada ya ruɓe ya ɓata miki ruwa. Amma in gaya miki gaskiya ba lallai su taɓa shi a daren farko ba, ba su san abinci ne ba, nawa sai da na yi kusan sati ina sakawa ina cirewa kafin ɗaya ta gane, da ta hau kai kuwa sauran duk suka biyo ta. Na lura sun fi so in ya kwana ya fara yin taɓo-taɓo.

Sai dabara ta biyu wadda ta fi komai aiki a wurina. Ki samu kwalba ko roba mai haske, ki zuba ruwan da kika cire daga tanki, ki jefa duwatsu masu santsi guda shida ko takwas, ki ajiye a taga inda rana ke bugawa. Cikin sati ɗaya zuwa biyu za su yi kore. Ki dinga ɗauko biyu kina saka musu, in sun share ki mayar ki ɗauko wasu. Gona kenan kin yi musu.

Maman_Nabila:
Allah ya saka da alheri Ummu, yanzun nan zan ɗora ruwa. Amma duwatsun ai sai nan da sati biyu, kafin nan fa?

Abu_Sulke:
Kafin nan ki daina goge gilashin baya da na gefe kwata-kwata, na gaba kaɗai za ki dinga gogewa, ki ƙara wa fitila awa ɗaya ko biyu. In kina da wani da ke da tsohon tanki ki roƙe shi dutse ko ganyen anubias mai gansakuka, amma daga tankin da kika tabbatar babu cuta. Akwai kuma abincin kanti na masu cin gansakuka mai kama da ƙwayar magani, wasu oto suna ci wasu ba sa kula shi, da wani na kamfanin Repashy da ake damawa da ruwan zafi ya daskare, shi ana iya shafa shi a jikin dutse kafin ya daskare sai su ɗauka gansakuka ce. Wannan ya yi min aiki sosai.

Zee_Guppy:
Ni fa nawa oto ɗin ba ya da wannan matsalar, komai ci yake yi, har ya kai tsawon tafin hannuna, matsalarsa ɗaya faɗa, ya dinga bin angelfish ɗina yana mannewa a jikinta.

Malam_Habu_Ilimi:
Zee wannan ba oto ba ne, na rantse ba tare da na ga hoton ba. Oto ba ya wuce santimita 4 zuwa 5 duk tsufansa kuma ba ya faɗa da kowa. Abin da kike da shi Gyrinocheilus ne, wanda ake sayarwa da sunan mai cin gansakuka na China, alhali ma daga yankin Thailand da kogin Mekong yake. Suna ƙanana suna kama da juna saboda baƙin layin gefe da bakin mannewa, amma shi ba dangin tarwaɗa ba ne sam, ɓawon kifi ne a jikinsa, oto kuwa faranti-faranti ne na ƙashi a jere kamar sulke. Yana wuce santimita 20 kuma in ya girma yauƙin jikin kifaye masu faɗi yake bi yana tsotsa. Ki raba shi da angelfish ɗin nan tun kafin ya yi mata gyambo.

Zee_Guppy:
Kai! Shekara guda ina kiransa oto. Dama na ga wani farin tabo a gefenta na ɗauka gogewa ta yi da dutse.

Auwal_Filta:
Hajiya ki zuba gishiri cokali biyu da ɗan maganin cutar farin ɗigo ko da rigakafi, ni duk lokacin da kifi ya fara mutuwa haka nake yi.

Baba_Mai_Tanki:
A'a Auwal, kada garin neman gira a rasa ido. Ba ta ce ta ga farin ɗigo ba, maganin me za a ba su? Oto ba ya jure gishiri sosai, kuma magungunan da ke da tagulla a ciki suna yi masa illa, balle wanda yunwa ta riga ta kayar. Abin da za ta zuba a tankin nan kawai ruwa ne mai tsafta da aka cire wa kulorin, kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu, zafinsa daidai da na tanki. Kada ta canza da yawa lokaci guda don ba sa son sauyi na farat ɗaya.

Auwal_Filta:
To Baba na ji, ni guppy da molly nake ajiyewa su gishirin ba ya damunsu.

Maman_Nabila:
Zafin ruwan 27 hita ke nunawa, ya yi?

Sadiq_Tetra:
Ki ɗan sauke shi zuwa 24 ko 25 a hankali, daga tetra har oto za su fi jin daɗi, kuma ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Ki tabbatar saman ruwan yana motsi.

Maman_Nabila:
Yauwa kun tuna min, jiya na ga ɗaya ya harba sama da gudu ya taɓa saman ruwa ya dawo, na ɗauka fitar rai ce.

Malam_Habu_Ilimi:
Iska ya je ya haɗiya. Suna da wata 'yar jaka a ciki, tsakanin maƙogwaro da tumbi, da suke ajiye iska a cikinta, corydoras, wasu ƙananan kifayen dangin tarwaɗa, su ma suna yin irin wannan hawan duk da su ta hanji suke amfani da iskar. In jefi-jefi ne ba komai, in kuma kin ga suna yi a kai a kai ko sun taru can sama kusa da bakin filta to iska ta yi ƙaranci ko ruwan ya ɓaci.

Tunda an taɓo jikinsu bari in ƙara wani abu da ke ba ni sha'awa. Wani masani Ba'amurke Edward Cope ne ya raɗa musu sunan Otocinclus a 1871, daga kalmomin Girkanci biyu, kunne da kuma raga, saboda ƙashin da ke gefen kansu wajen kunne yana da huji-huji. Dangin gaba ɗaya kuma Loricariidae ake ce musu, daga sunan sulken sojan Rum. Nau'insu kusan ashirin ne, kuma abin dariya shekara da shekaru shaguna na rubuta affinis a jikin tanki alhali abin da ke ciki yawanci vittatus ne ko macrospilus ko makamantansu. Akwai wani mai zane baƙi da fari kamar jakin dawa, cocama, daga Peru, sai a 2004 aka yi masa suna a hukumance.

Dan_Gaggawa:
Malam Habu kifin da bai kai ɗan yatsa ba har da Girkanci da sojan Rum hhhh

Ummu_Jatanlande:
Bari kawai, ranar da ka ga shida sun jeru a kan ganye ɗaya kowa da tumbinsa za ka gane abin da ya sa muke haukarsu. Ni saboda jatan lande na fara ajiye su, don su ne kifin da na amince ba za su taɓa min jarirai ba.

Hafsy_Anubias:
Ni tambayata daban ce. Kowa na cewa a ajiye su shida ko fiye don ba sa son kaɗaici. Yanzu Hajiya saura biyu gare ta, ba gara ta ƙaro huɗu ba? Na taɓa barin guda ɗaya shi kaɗai, ɓuya ya dinga yi bayan hita ko fitowa ba ya yi, da na ƙaro masa 'yan'uwa sai ga shi a fili yana kiwo da rana tsaka.

Abu_Sulke:
Hafsy biyun ma ba su ƙoshi ba za a ƙaro baki huɗu? A bari tukuna. Ta fara ceto waɗannan, su koyi cin kokwamba, tankin ya kai wata uku ko huɗu, gonar duwatsun ta kama, sannan a yi maganar ƙari.

Hafsy_Anubias:
Na gane, amma tsoro ma yana hana su cin abinci ai. Ummu da kanta ta ce da ɗaya ta hau kai sauran suka bi. In suna da yawa an fi samun wanda zai fara.

Abu_Sulke:
Haka ne, amma in aka yi rashin sa'a babu wanda ya fara fa? Gawa shida kenan maimakon biyu. Ni dai ba zan ba ta wannan shawarar ba.

Baba_Mai_Tanki:
Ina bayan Abu a nan, sai dai Hafsy ba ta yi ƙarya ba. Duk ranar da za ki ƙaro Hajiya, ga abin da na koya da asara. Kada ki sayi waɗanda aka sauke a satin, ki tambaya yaushe suka iso, wanda ya yi sati biyu a shago yana raye da ciki a cike shi ne naki. Ki tambaya me ake ba su, in aka ce miki ai gansakuka suke ci alhali tankin fes yake, ki juya. Ki guji mai lotsattsen ciki, ki guji kuma mai kumburin da ya wuce kima ko mai ja-ja a ƙasan ciki. In kin kawo su gida kada ki juye su kai tsaye, ki zuba su a bokiti da ruwan ledarsu ki dinga ɗiga musu ruwan tanki ta siririn tiyo kamar awa guda. Kuma kada ki kama su da raga mai manyan ido, ƙayoyin jikinsu na maƙalewa, garin ɓanɓarewa a ji musu ciwo. Kofi nake sawa in kora su ciki.

Sadiq_Tetra:
Baba ka manta killacewa. Kifin daji ne, yana iya zuwa da tsutsar ciki.

Baba_Mai_Tanki:
Ban manta ba ɗana, da gangan na yi shiru don nan ma rigima ce. Tankin killacewa yawanci tsirara yake, ka saka oto a ciki sati uku ka sake maimaita masa yunwar shago kenan. In za a yi sai dai a yi a tankin da ya tsufa mai gansakuka, ko a cika shi da duwatsun Ummu.

Nura_Kaktus:
Ni fa duk wannan zancen ƙara tabbatar min yake yi cewa bai kamata a dinga sayar wa sabon shiga wannan kifin ba, kai ni ko tsohon hannu ma ina da ja. A kamo abu daga kogi a wata nahiya, wasu su mutu a hanya, wasu a shago, wasu a gida, duk don mutum na ƙyuyar goge gilashi? Gansakukar da Hajiya ta faɗa ma diatom ce, kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta, kuma da kanta take tafiya bayan 'yan makonni in sinadarin silika da take ci ya ragu. Da soso kawai ta sa ta yi haƙuri da ba a kai ga haka ba. In ma dole sai an sa wani abu, katantanwar nerite biyu sun isa.

Ummu_Jatanlande:
Nura rabin maganarka na yarda da ita, wanda zai saye shi a matsayin ɗan shara gara ya bari. Amma ba kowa ke ajiye shi don shara ba, ni don son shi nake ajiyewa, nawa akwai waɗanda suka shekara uku. Nerite ɗin da kake faɗa ma ai yawancinsu daga daji ake kwaso su, su ma yunwa na kashe su a tanki mai tsafta, ga fararen ƙwai da suke mannawa ko'ina ba sa ƙyanƙyashewa a ruwan daɗi ba sa kuma gogewa da sauƙi.

Nura_Kaktus:
Na karɓi ta nerite. To ancistrus fa, ƙaramin pleco mai gemun nan? Shi a gida ake kiwonsa, yana cin komai, ba ya wuce santimita 12 zuwa 15.

Abu_Sulke:
Kifi ne mai kyau kuma ya fi oto ƙwari nesa ba kusa ba, amma lita 60 ta yi masa kaɗan, yana son kututturen ice da kogon ɓuya, kashi kuma ba baya ba. A lita 100 zan ce bismillah.

Hafsy_Anubias:
Wai oto ba ya haihuwa a tanki ne da har yanzu sai an kamo?

Ummu_Jatanlande:
Yana yi, ba dai da yawa ba. Sau biyu na gani a wurina, duka bayan na canza ruwa da wanda ya ɗan fi sanyi. Macen ta fi girma da faɗin ciki in kin kalle su ta sama, mazan suka yi ta bin ta, sai namiji ya lanƙwashe a gaban kanta kamar yadda corydoras ke yi, ta je ta manna ƙwai ɗaya-ɗaya ko biyu-biyu a ƙarƙashin ganye. Daga nan ba ruwansu, ba kamar ancistrus ba da uban ke zama a kogo yana gadi yana yi musu fifita. Bayan 'yan kwanaki na ga 'yan mitsi-mitsi kamar waƙafi a jikin gilashi. Uku ne kawai suka girma, sauran ina zargin abinci ne bai ishe su ba, kin ga mun sake dawowa kan yunwar dai.

Dan_Gaggawa:
Tambaya ta ƙarshe kafin a kore ni, yana cin baƙar gansakukar nan mai kama da gemu? Ta cinye min ganye.

Abu_Sulke:
Ba ya ci. Mai gashi-gashi ma ba ya ci, koren ɗigo mai tauri a gilashi ma sai dai ya wuce ta kai. Mai laushi kawai. Taka matsalar fitila ce da rashin canza ruwa, ka buɗe naka zaren mu taru a kanka.

Maman_Nabila:
Salam 'yan gida, na dawo bayan kwana biyar. Na samu ruwan gwajin, amoniya ta nuna ɗan kaɗan ranar farko, 0.25, na canza ruwa sau biyu yanzu ta koma 0. Mai lotsattsen cikin nan bai yi rai ba, washegarin maganarmu ya tafi. Ɗayan kuma dare uku bai kula kokwamba ba, a na huɗu na haska da waya sai ga shi a kai, yau cikinsa ya ɗan taso, har na ga ɗan koren kashi a maƙale da shi, ban taɓa zaton zan yi murna da ganin kashin kifi ba. Duwatsu na taga sun fara canza launi.

Sadiq_Tetra:
Kun gani ko, akwai amoniyar.

Abu_Sulke:
Akwai kuma yunwar, tunda da ya ci ga shi ya tashi. Barka Hajiya.

Hafsy_Anubias:
Yanzu kuma saura shi kaɗai tilo. Har yanzu kuna kan a jira wata uku?

Baba_Mai_Tanki:
Ni zan ce ta ba shi sati uku ko huɗu ya murmure, in ruwan ya tsaya a 0 duwatsun kuma sun yi kore ta ƙaro uku ba biyar ba.

Nura_Kaktus:
Ni kuma na ce ta nemi mai garke a tsohon tanki ta ba shi wannan ɗin ya shiga cikin 'yan'uwansa, ita ta zauna da tetra ɗinta.

Maman_Nabila:
Nabila ta riga ta sa masa suna fa Malam Nura, bayarwa zai yi wuya. Ummu, zukinin da ɓawonsa ake sakawa ko ana ferewa?